Fiffiken da Na Kai Garhanga

Tun da na dawo hutu da ɗinki a ƙwaurina, abokan aiki ba su bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Wannan ya ce, "Shu'aibu, wai da gaske an kama ka da takobi a Nijar?" Wancan ya ce shi ya ji raƙumi ne ya harbe ni. Na gaji da ba da labarin a gutsure, kowa na ƙara masa gishiri, shi ya sa na zauna na rubuta shi yadda ya faru.

Sai na fara da Iliyasu, don saboda shi na yi tafiyar. Mun haɗu a Karkof, a ƙasar Yukren, lokacin Tarayyar Sobiyet na nan da ranta. Ni daga Zariya, shi daga wani ƙauye kusa da Garhanga a Nijar. Mu biyu kaɗai ke jin Hausa a ajinmu, kullum muna yi wa juna dariya, ni in ce "fura", shi ya ce "hura". Ni na tsaya a kan yadda ake kula da injin tururi, irin wanda muke aiki da shi a tashar lantarki. Shi kuwa kansa ya fi nawa, ya zarce zuwa zana fukafukan da ke cikin injin.

Ga wanda ba aikinsa ba ne, abin haka yake. Ana dafa ruwa, tururi ya shiga injin da ƙarfi, ya riƙa tura fukafukai jeri bayan jeri, su kuma su juya janareta. A farko tururin a matse yake, gajerun fukafukai sun ishe shi. Kafin ya kai ƙarshe ya kumbura ya baje, sai an buɗe masa babbar ƙofa. In fukafukan ƙarshe gajeru ne, zai fice da sauran ƙarfinsa, an yi asarar gawayi. In an tsawaita su, za a tatse shi tas. Amma dogon fiffike masifa ne. Bakinsa na gudu fiye da tushensa nesa ba kusa ba, dole a murɗa shi. Juyawa na neman tumɓuke shi, ga karkarwa da kan tsaga ƙarfe. A kan wannan murɗin Iliyasu ya ƙare ƙuruciyarsa. Ni na gama na dawo gida. Shekara na zagayowa Tarayyar Sobiyet ta wargaje, na ji ya koma Nijar ba tare da takardar kammalawa ba. Daga nan labari ya yanke.

Kwatsam bara aka kawo mana masu gyara daga Yukren, sai ga Mikola, ɗan ajinmu, ya yi ƙiba. Da muka gama rungume-rungume ya ja ni wajen akwatin kayan gyara, ya zaro wani abu a naɗe. Fiffike ne, tsawonsa ya kusa kai min ƙirji, nauyinsa kamar na bunsuru. Ya ce, "Na Iliyasu ne. An ƙera zanensa, an gwada, yanzu jeri guda na irinsa na aiki a wata tasha. Wannan na gwaji ne. Malama Irina ta ce tunda Afirka za ni, in miƙa masa." Malamar tamu ke nan, wadda ta ɗauka Afirka unguwa ɗaya ce. Ya haɗa min da hotunan injin. Hutuna na zuwa na naɗe ƙarfen a buhu na kama hanya.

Daga Kaduna zuwa Sakkwato ba abin faɗi, sai dai direba ya ce kayana na cin wurin mutum guda. Wahala ta fara ne a kan iyaka. Ku tuna a lokacin ana fama da tawaye a arewacin Nijar, duk wani dogon abu a buhu abin dubawa ne. Ma'aikacin duwan, wato kwastan ɗinsu, ya kwance igiyar, ƙarfe ya ƙyalla a rana, sai ya ja da baya ya kira jandarma.

"Mushe, mi an nan?"

Na waiga in ga mushen da yake nufi. Ashe ni ne. A can haka ake ce wa mai boko, ba zagi ba ne.

Na ce, "Fiffiken injin tururi ne."

"Takobi dai. Wa za ka kai ma shi?"

Aka kai ni gaban shugabansu, wani dattijo mai furfura a gashin baki, yana zaune a rumfa ana dafa masa shayi a 'yar buta. Ya saurare ni da haƙuri, amma na ga bayanina ba ya shiga. Sai Allah ya sa murfin butar ya fara rawa. Na nuna masa na ce, "Ranka ya daɗe, ka ga abin da ke ɗaga murfin nan? Shi ke tura wannan ƙarfen, in an tara shi da yawa." Ya dubi buta, ya dubi ƙarfe, ya dubi ni. Can ya sa aka ciro albasa daga buhun wani ɗan kasuwa, ya ɗora ta a benci, ya ɗaga fiffiken da hannu biyu ya sauke. Albasa ta dagargaje ba ta yanku ba, ruwanta ya fantsama masa a ido. Yana share hawaye ya ce, "Wanga ba ya kashe kowa sai dai in ya hwaɗa mai bisa kai." Aka rubuta ni a matsayin mai ɗauke da ƙarfen garma. Amma ban tafi nan take ba, don sha biyu ta wuce, mai hatimi ya tafi gida hutun rana. Wannan al'ada ta ba ni mamaki. Ofis a rufe tun kafin azahar sai wajen la'asar, ba wanda ya ga laifin haka. Dattijon ya ce in zauna in sha shayi. Na sha kofi ɗaya na miƙe in yi godiya, aka ce ina, sai na sha na biyu da na uku, tashi kafin nan rashin ladabi ne.

Daga Konni na shiga wata tsohuwar Fijo mai zuwa Madawa. Na hana a ɗora ƙarfen a sama don kada ya faɗi, na tsayar da shi tsakanin ƙafafuna. Wayon da ya cuce ni ke nan. Muna cikin gudu jaki ya shigo titi, direba ya taka birki, bakin fiffiken ya huda buhu ya tsaga min ƙwauri. Abin da ya kasa yanka albasa ya yanka ni har jini ya cika takalmi. Wata tsohuwa da ke gefena ta cire ɗankwalinta ta ɗaure min, tana yi wa direba faɗa tana yi min sannu lokaci guda. Sa'ar da na yi, muna dab da wani gari mai asibitin mishan, nan aka sauke ni.

Wadda ta yi min ɗinki sunanta Saratu. Tana aiki tana tambaya, "Hwaɗa kuka yi?" Na ce a'a, ni da kayana ne. Da ta gama ta ce ba inda za ni da ƙafar nan yau, ta aika aka kira mijinta Bitrus, wanda ke kula da tukunyar tururin da ake dafa kayan tiyata a ciki. Bitrus na ganin ƙarfen ya manta da ni. Ya durƙusa yana shafa shi yana cewa, "Kai! Kai! Wa ya murɗe wanga haka?" Ya saɓa shi a kafaɗa, ni ina ɗingishi a baya, muka nufi gidansu.

Kiristoci ne, amma kafin in tambaya an ajiye min buta da tabarma, an nuna min gabas. Bitrus ya ce yayansa ne limamin ƙauyensu, ranar Salla yakan je ya ci nama, ranar Kirsimeti yayan ya zo ya rama. Na tuna yadda abubuwa suka lalace tsakanin maƙwabta a wasu garuruwanmu. Aka kawo dambu da zogale da aka kwaɗa da ƙuli, ga albasa a kai kamar ba a san darajarta ba. Suka yi addu'arsu da Hausa, na yi bisimillata, muka sa hannu.

Muna ci na gaya musu shawarar da na yanke. Na ce ƙarfen nan ya ishe ni, zan bar shi a wurin Bitrus, in kai wa abokina hotuna kawai, in yana so ya aiko a ɗauka. Bitrus ya tambayi sunan abokin. Ina cewa Iliyasu na Garhanga, wanda ya yi karatu a Rasha, sai na ga mata da miji sun dubi juna.

Bitrus ya ce, "Na san shi. Bara waccan ƙanwatai ta kawo shi. Suna jiran likita ya ji ƙarar tukunyata, ya ce a kai shi wurin. Mun daɗe muna hira."

Na ce, "A kai shi? Ƙafa ce?"

Saratu ta tsame hannu ta ce, "Ɗan'uwa, ba ka sani ba? Hoto ba ya yi mai amfani. Ruwan ido ya hau mai ya kashe jijiya. Sun zo a makare. Ko hasken rana ba shi gani."

Sai a lokacin na tuna yadda a shekararmu ta ƙarshe yake yawan dafe kai, yana kusantar da takarda har ta taɓa hancinsa, mu kuwa muna cewa son karatu ne. Ba wanda ya sake maganar barin ƙarfe. Da safe Bitrus ya yanko tsohuwar tayar mota ya rufe bakin fiffiken, ya ɗaure da waya, ya kwatanta min ƙauyen.

A Madawa na yi rabin yini a tasha, wadda suke kira otogar, ina jiran motar garin Buza ta cika. Na karya da burodinsu dogo kamar sanda, mai ɓawon da ke yanka dasashi, na sayi kilishi saboda tsaraba. Motar a-kori-kura ce, mutane a kan buhuna, awaki a kan mutane. Daga nan kwalta ta ƙare. Duk ramin da muka faɗa sai na ji shi a ɗinkina. Wani Buzu mai rawani har hanci ya ga ina cije baki, ya ɗauki ƙafata ya ɗora a kan cinyarsa, ya riƙe ta haka har Buza. Da muka sauka ya nuna buhun ya tambaya ko na sayarwa ne, don yana da maƙerin da zai fitar masa da takubba biyu daga ciki. Na ba shi haƙuri. Ya ba ni cuku, wato busasshen nonon da suke yi kamar faifai, na kusa karya haƙori a kai kafin a gaya min a shayi ake tsoma shi.

Na kwana a Buza a zauren wani mai sayar da goro. Washegari babbar mota ta wani aikin gyaran ƙasa ta rage min hanya zuwa Garhanga. A kan tuddai na ga mata jere da duwatsu a ka, suna shirya su layi-layi don tare ruwan sama. Ban taɓa ganin aiki irin wannan a wajenmu ba.

Daga Garhanga sai amalanken shanu. Mai shi, Gado, mutum ne mai son magana. Da na faɗi wanda nake nema ya ce, "A'a, Mai-tururi? Ɗan Arzika?" Na tambayi dalilin sunan. Ya ce, "Ba mugunta ba ce. Da ya dawo, kowa ya tambaye shi mi ya koyo, sai ya ce tururi. Shekaru, ƙasar Turawa, tururi! Mata na dariya, su ce su ma sun iya, kullum suna dambu." Ya ce kakanninsu a ƙarƙashin Buzaye suka rayu, suna noma suna kai hatsi. Da aka zo neman yara lakwal, wato makaranta, mutane suka riƙa ɓoye 'ya'yansu a rumbu, Arzika kaɗai ya kama hannun nasa ya kai da kansa. Ya sha gori a kan haka, ya ce su jira su gani. Gado ya ce, "To ga abin da ya gani. Ba takarda, ba aiki, ba ido. Ba ya zagin yaron, ba ya hana mai abinci. Amma in ka ɗebe gaisuwa, ba su magana. Hajo ce, ƙanwar, ke jan shi ko'ina."

Mun isa bayan azahar. Na tarar da shi a inuwar bango yana tufka igiya. Ya rame, gemunsa ya fara fari, idanun a buɗe kamar lafiyayyu. Ban yi sallama da Hausa ba, na gaishe shi da Rashanci yadda muke yi a ɗakin kwana. Igiyar ta faɗi daga hannunsa. Ya juyo da kunnensa wajena ya ce, "Bazazzagi? Mai fura?" Na ce, "Ni ne, mai hura." Ya miƙe yana lalube, na kama shi. Mun daɗe a haka.

Hajo ta kawo hura a ƙwarya. Maƙwabta suka fara taruwa don ganin baƙon Najeriya. Mahaifinsa, Baba Arzika, dogon tsoho mai busasshiyar fuska, ya zo ya yi min barka da zuwa kamar yadda ya kamata, ya koma can gefe ya zauna a kan turmi yana gyaran ƙotar fartanya.

Na ce, "Iliyasu, Malama Irina ta aiko ni."

"Tana da rai?"

"Tana nan. Miƙo hannu."

Na kwance buhun, na cire tayar Bitrus, na ɗora masa ƙarfen a cinya. Ya fara taɓa tushen, inda yake da haƙora kamar na zarto. Hannunsa ya tsaya. Sannan ya fara hawa a hankali, yatsu a baje, yana bin murɗin. Leɓunansa na motsi. Da ya kai tsakiya ya koma ya sake farowa daga ƙasa.

Ya ce da wata murya da ban san shi da ita ba, "Shu'aibu, kada ka yi min wasa."

"Ba wasa. Naka ne."

"Nan," ya danna wani wuri da babban yatsa, "nan ne muka yi ta faɗa da ita. Ta ce murɗin ya yi yawa, zai tsage."

"Bai tsage ba."

Ya ci gaba har bakin. Can gefen gaba ƙarfen ya yi kaushi kamar harshen kyanwa, inda ɗigon ruwan da ke cikin tururi ya riƙa dukansa. Ya shafa wurin ya sake shafawa. "Wannan ba na ado ba ne. Ruwa ya ci shi. Ya yi gudu." Sai hawaye suka zubo masa, bai share ba. Matan da ke bakin ƙofa suka daina raɗa. Can kuma ya yamutsa fuska, ya matsa wani wuri kusa da baki da yatsu biyu. "Sun ƙara kauri a nan. Ba haka na zana ba." Ya yi lissafi a ka, sannan ya yi dariya. "Sun fi ni gaskiya. Da nawa ne, da karkarwa ta kama shi. Ka ce mata na yarda."

Ban ankara ba ashe tsohon ya bar turmin, yana tsaye a kanmu.

Ya ce, "Baƙo, ƙarhen ga, mi shika yi?"

Na ce, "Baba, lantarki ake yi da shi, irin na Madawa. A da in an ƙona gawayi, wani ƙarfin na tserewa a banza. Da wannan, gawayin bai ƙaru ba, amma wutar ta ƙaru. Kamar a ce itacen da kake dafa tuwon gidanka ya ishi har na maƙwabci."

"Shi ɗaya?"

"Da 'yan'uwansa da yawa, a jere kamar haƙoran mataji. Amma duk kamanninsa gare su, kuma ɗanka ne ya fitar da kamannin."

Ya dube ni ido cikin ido. "Ka gani da idonka, ko an hwaɗa maka?"

Na ce, "Injin ban gan shi ba, yana da nisa. Amma na ga mutumin da ya ɗaura su da hannunsa, abokinmu ne, ba ya ƙarya. Ga kuma hoto."

Ya karɓi hotunan ya nisanta su da fuskarsa. A ɗaya akwai wani ma'aikaci tsaye a gaban da'irar fukafukan, bai kai rabinta ba. Tsohon ya daɗe yana kallo. Ya dubi ƙarfen da ke cinyar ɗansa, ya sake duban hoton. Bai miƙa wa kowa ba, ya sa su a aljihun rigarsa.

Aka kira la'asar. Mutane suka fara watsewa. Hajo ta kawo buta, Iliyasu ya yi alwala, ta miƙa hannu za ta kama sandarsa ta ja shi kamar kullum. Tsohon ya ce, "Bari." Ta tsaya tana kallonsa. Bai kama sandar ba, ya kama hannun ɗansa, ya ɗora a kan kafaɗarsa. Na ga Iliyasu ya ɗan firgita da ya ji kafaɗar mahaifinsa ce.

Na biyo su a baya da ɗingishina. Sun yi 'yan taku, sai na ji tsohon ya yi gyaran murya ya ce, "To, in an ƙara mai tsawo hwa?"

Iliyasu ya ce, "Ai nan ne wahalar take, Baba." Ya tsaya cak a tsakiyar hanya, ya saki kafaɗar, ya miƙe hannunsa ɗaya yana murɗa shi daga gwiwa zuwa yatsu, yana bayani. Tsohon ya sunkuyo yana kallon hannun, yana gyaɗa kai, yana tambaya. Ran nan sai da liman ya jira su.